Kukan Moton Wana

Shekarun baya, tun mahaifiyata tana raye, wana ya sayo wani ƙaton moto, wato babur, a Keita. Tsoho ne, mai jan tanki, idan ya faɗi sai mutum biyu ke tada shi. Garinmu yana tsakanin Keita da Buza, hanyar duk duwatsu ce da hawa, amma shi ko a jikinsa. Tun yana bayan tudu ake jin kukansa, wani gurnani mai kauri kamar na bijimi.

Wana shi ne ɗan farin mahaifiyata, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama hira da shi. "Mai moto" kawai take cewa. Amma da ta ji gurnanin nan sai ta tashi ta ɗauko ƙwarya, ta hau damun fura, kamar dama can ta yi niyya.

Wata shekara da gero bai yi ba, ya bar mini moton ya tafi bida, wato ci-rani, ƙasar Kodibuwa. Bai dawo ba. Zazzaɓi ya yi ajalinsa, can aka rufe shi. Mutane suka cika gida gaisuwa, ita kuwa ko hawaye ba ta yi a gabansu ba, saboda kunyar ɗan fari. Daga baya idonta ya fara dushewa. Abin da na lura shi ne, duk yammacin da zan dawo daga kasuwa, ina tarar da ita zaune a bakin zaure.

Ni ba gwanin moto ba ne, a kan jaki na girma. Sannu a hankali ya fara yi mini tari, yana baƙin hayaƙi, yana mutuwa a tsakiyar hawa. Ranar da na tura shi har cikin gari yara na yi mini waƙa, na ce ya isa. Na kai shi Madawa wurin abokina makanike.

Ya kwance buji, ɗan abin da ke ba injin wuta, ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya buɗe karburato ya wanke, ya fitar da yashi, ya wanke soson iska. Sannan ya ɗora turnabis, wato sukudireba, a kan wani ɗan ƙaramin bis, irin ƙusar da ake juyawa, yana murzawa, kunnensa a jikin injin.

"Ka ga wanga bis?" in ji shi. "Nan aka dama esansi, man moto, da iska, kamar hura. Damun wanka ya cika kauri, esansi ya hi iska. Ni na sirka maka shi daidai."

Lalle moto ya gyaru. Ya daina hayaƙi, ya rage shan mai, kukansa ya koma siriri, tsaf. Na dawo gida ina jin kaina.

Da na tsaya, mahaifiyata ta ɗago kai. "Wane baƙo na?"

"Ni na, Inna."

"Moton wa ka aro?"

Na ce ai namu ne, gyara aka yi masa. Ta lalubi bango ta shige ciki. Washegari ba ta fito zaure ba, haka jibi. Matata ta ce tuwon ma sai ta taɓa ta ture. Sai a lokacin na gane ba ni take fitowa tarba ba.

Na koma Madawa na ce wa abokina ya mayar da shi yadda yake. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kowa gyara yaka kawo min, kai ɓatawa! Ko zahin rana ya taɓa ka?" Da na faɗa masa dalili, sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi bai riƙe inda bis ɗin yake ba, sai dai mai kunne ta faɗa. Ya rufe garejinsa, ya hau bayana.

Muka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, dama za mu yi, ke za ki ɗanɗana." Na tada moto, yana murza bis kaɗan-kaɗan.

"A'a," ta ce. "Tsararo na."

Ya ƙara. Ta girgiza kai. Ya sake ƙarawa, injin ya fara nauyi, hayaƙin ya soma duhu, gurnanin ya taso daga ƙasa. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ɗana. Shi dai komi da kauri yaka so."

Abin da na taɓa jin ta faɗa a kan wana ke nan, duk tsawon rayuwata. Ta ce a miƙo mata ƙwarya.

Haka na ci gaba da hawansa, ina goge buji duk mako, ina shan tsiyar abokina cewa motona ya fi raƙumi ƙishirwa. Ban sake bari an taɓa bis ɗin ba har ta rasu.

Yanzu moton yana jingine a bayan rumbu, an rasa kayan gyaransa. Masu sayen ƙarfe sun zo sun gaji. Na shiga karatun manya da furfurata, ga shi har ina iya rubuta wannan da hannuna. Amma na duba baƙaƙen da aka koya mana kaf, ban sami wanda ake rubuta kukan nan da shi ba. Idan yamma ta yi, wani lokaci nakan tsinci kaina a bakin zaure, kunnena yana bayan tudu.