Baba Tambari Mai Ɗinka wa Guragu Takalmi

Kowace safiya Baba Tambari yakan ɗaure jakar basilla da fata a bayan kekensa, ya bar Ƙofar Marke zuwa wata 'yar rumfa a bayan asibiti. Shekara talatin da huɗu ya yi yana haka. Baduku ne, yana ɗinka takalmi ga waɗanda kuturta ta cinye wa yatsu da waɗanda cutar shan-inna ta shanye wa ƙafa. Ma'aikatan jinya sun shaida cewa ƙafar da wasu ke duba daga nesa, shi a cinyarsa yake ɗora ta ya auna.

Ta dalilin yayata Wasila na san shi. Ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama, sai ta dafa gwiwa take tafiya. Gidan malamai ne namu, amma idan baƙi suka zo, cewa muke ta shiga ɗaki. Ranar da na kai ta rumfarsa, gaba na yi na bar ta a baya, don kada a ce tare muke.

Ya gani. Da ta zauna sai ta ja zane ta rufe ƙafar.

Ya ce, "Ɗiyata, buɗe. Mi an na kunya ga ƙahwar da ta kawo ki har nan?" Sannan ya juyo gare ni. "Kai kau, in za ku koma, ku jera."

Ban jera da ita ba. Wasila ta sa takalminsa shekara tara, ta je makarantar Islamiyya da shi, har ta koyar a can. Har zazzaɓi ya ɗauke ta ban taɓa neman gafararta ba.

Baba, yanzu idanunka sun daina ganin kafar allura, ka rufe rumfa a watan jiya. Babu wanda ya shirya maka walima, ni ma sai daga baya na ji. Kai ne ka riƙe abin da mu 'yan'uwan jini muka yi ƙyamar taɓawa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Rumfar tana nan a kulle, masu buƙata ba su daina zuwa ba. Ina matasan dukawa? Ku je ku koya tun Baba yana iya nuna muku da hannu. Wanda kuma yake da irin Wasila a gida, ya fito da ita tun tana da rai.