Na Ce Ɗan Cinya Ba Fasinja Ba Ne

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan kamasho ne a tashar Magama, bakin iyakar Jibiya, ina lodin motocin Maraɗi. Ni mutum ne mai baki, kuma abin da nake taƙama da shi a tasha shi ne ban taɓa yarda mota ta cika ba. Gaba mutum biyu, baya huɗu, in mace ta zo da yaro a ce ta ɗora shi a cinya, domin a wurinmu ɗan cinya ba fasinja ba ne, ba a ƙirga shi. Shekara goma sha ina wannan lodi, har na ɗauka haka duniya take ko'ina. Sabo turken wawa.

Yayana yana harkar motoci a Kwatano, ya daɗe yana mana gorin mu 'yan tudu ne, ruwan da muka sani bai wuce dam ɗin Jibiya ba. Wata babbar Sallah ya matsa mu je hutu, na kwashi matata da ɗiyarmu ɗaya tilo, tana da shekara biyar, muka bi ta Maraɗi da Gaya har muka isa. Rana ta uku ya ce zai kai mu yawo a jirgin ruwa, mu bi gaɓar teku mu ga itatuwan kwakwa da ƙauyukan masunta. Muka je bakin ruwa da hantsi, mu da iyalinsa, muka samu wani dattijo mai kwalekwale mai inji. Dattijon ya ƙirga mu da yatsa, ya ce mu goma sha ɗaya ne, shi kuwa rigunan ruwansa goma ne, irin masu ruwan lemon nan da ke hana mutum nutsewa. Yayana ne ke fassara. Dattijon ya ce ko dai mutum ɗaya ya zauna, ko a yi sawu biyu.

Nan fa ɗan tasha ya motsa a jikina. Na yi dariya na ce wa yayana ya gaya masa ya sake ƙirga, mu goma ne, yarinyar nan a cinyata za ta zauna. Matata ta ja ni gefe ta ce ita za ta haƙura ta zauna a gaɓa, dama ruwan tsoro yake ba ta. Na ce mata mun taho tun daga Jibiya don ta zauna tana kallon yashi? Dattijon ya ƙi, na dage, na yi masa irin surutun da nake wa direbobi har su gaji su ce a zuba. Ƙarshe ya ɗaga kafaɗa ya ja igiyar injinsa. Kowa ya sa riga har da ni, na ɗauki ɗiyata na rungume, na ce ai ni ne rigarta.

Da farko ruwan kwance yake, yara suna ta ihun murna. Da muka fito inda kogi ke haɗuwa da teku sai na ga launin ruwan ya sake, jirgin ya fara hawa yana sauka. Na duba gaɓa na ga mutane sun zama ƙanana. A nan tsoro ya fara kama ni, amma girman kai ya hana in ce a koma. Na ƙara matse yarinyar har ta ce ina ji mata ciwo, na ɗan sassauta. Ban ga igiyar ruwan da ta zo ta gefe ba. Na dai ji jirgin ya karkata, na kai hannu ɗaya na kama katako don kada in faɗa, ruwan gishiri ya rufe mini ido. Da na buɗe, cinyata babu kowa.

Ban iya ruwa ba, amma na faɗa. Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne, na hango jan ɗankwalinta a ƙarƙashin ruwa, ina ƙoƙarin nutsawa in kamo ta, rigar da ke jikina tana maido ni sama. Sau uku ina dannawa tana tunkuɗo ni. Ina jin matata tana salati da wata murya da ban taɓa ji ba. Dattijon nan da na raina shi ne ya kashe inji ya yi tsalle ya shige, ya daɗe har na fidda rai, sannan ya ɓullo can nesa riƙe da ita ta wuyan riga. Da aka jawo mu cikin jirgi ba ta motsi, leɓɓanta sun sake kala. Ya kwantar da ita yana danna ƙirjinta yana hura mata iska, ni kuwa ina durƙushe, ko addu'a na kasa haɗawa. Can ta yi tari, ruwa ya fito, ta fasa kuka. Dattijon ko kallona bai yi ba har muka iso gaɓa.

Kwana biyu muka yi a asibiti. Matata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A hanyar dawowa, mun wuce duwan, wato shingen kwastan na Ɗan Isa, muna dab da gida, yarinyar ta ɗago daga jikin uwarta ta dube ni ta ce, "Baba, mi ya sa kowa aka ba shi riga, ni ba a ba ni ba?" Yanzu tana aji huɗu, kuma har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.

Na rubuto ne saboda na san irina suna da yawa, masu ɗaukar al'adar garinsu su kai ta inda ba ta aiki. In ka je wurin da ba ka sani ba, mai wurin ya ce maka a'a, ka ji, ko da ba ka gane dalilinsa ba. Iyaye kuma, ko a ruwa ko a mota, in ana ƙirga mutane ku tabbata an fara da yaranku, don hannun uba yana iya saki ba da sonsa ba. Nawa ya saki. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya yafe mana gangancinmu.