Hasiya a Gonar Cikin Teku

Duk wadda ta taɓa kai jaririnta awo a ƙaramin asibitin Kinkinau da ke Kaduna ta san Hasiya Zakariyya. Ita ce doguwar nan mai fara'a da ke zama kusa da taga, ma'auni a gabanta, tana yi wa yara wasa har su manta da zafin allura. A Doka aka haife ta. Mahaifinta, Malam Zakariyya, karatun allo yake koyarwa a zauren gidansa har Allah ya yi masa rasuwa. Mahaifiyarta, Inna Kulu, tana da rumfar kayan miya a Babbar Kasuwa tun Hasiya tana goye. Hasiya ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta auri Sagir, ma'aikaci a sakatariyar jiha, suka haifi yara uku, babbarsu Ilham. Ta fi shekara goma a bakin wannan tagar, kuma ba ta taɓa kawo wa ranta tafiyar da ta wuce Abuja ba.

Sagir ne ya fara jin labarin a ofis. Wata kwaleji a Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, tana neman ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka su je karatun shekara guda kyauta. Rabin mako a aji, ana koyon lafiyar jama'a da yadda ƙananan sana'o'i ke ɗaga gari. Sauran rabin kuma a ƙauye, ana yi wa mutane hidima. Da ya dawo gida da la'asar, ko takalmi bai cire ba ya leƙa kicin.

"Maman Ilham, wannan taki ce. Ki nema."

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi dariya. "Haba Baban Ilham! Yara masu digiri za su ɗauka, ba irina ba."

"Sun ce wanda ya daɗe yana aiki cikin jama'a suke so."

"To yaranmu fa?"

"Ina nan, Inna tana nan. Ilham ma ta fara iya tuƙa tuwo."

Ta nema ne don ya ƙyale ta ta huta. Aka yi mata tambayoyi ta waya, ta amsa iyakar abin da ta sani, ta ci gaba da harkokinta. Wata rana da hantsi, tana tsakiyar awo, sai wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Ta miƙa wa uwa jaririnta, ta kara a kunne. Ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba. Tana kashe wayar ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti. Matan da ke kan layi suka taya ta, sai da aka gama guɗar sannan suka tambaye ta abin da ya faru.

"An ɗauke ni! Ƙasar waje zan je karatu!"

Kafin azahar labari ya kai Babbar Kasuwa. Inna Kulu ta rufe rumfa, abin da ba ta saba yi ba, ta hau Keke Napep zuwa Kinkinau. Ta rungume 'yarta tana kuka tana sa albarka, sannan ta ja baya ta dube ta.

"An ce mini can sai kifi da kwakwa. Me za ki ci?"

Ranar tafiya jakar Hasiya ta fi cika da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji fiye da tufafi. Daga Abuja jirgi ya ɗaga da ita. Da suka kusa sauka, ta leƙa taga ta ga ruwa shuɗi shar, ba gaɓa ba iyaka. Ita da kogin Kaduna ne babban ruwan da ta sani. Ta dafe ƙirji tana ta "Subhanallahi", har matar da ke kusa da ita ta yi murmushi.

A aji, Hasiya tana cikin manya a shekaru. Akwai 'yan Kenya da Malawi da Gambiya da Sudan. Kwamfuta ta ba ta wahala a watan farko, ta kan rasa inda aikin da ta rubuta ya shige. Amma da an zo maganar uwa da jariri, ko dalilin da mace ke ƙin dawowa allura ta biyu, sai bakinta ya buɗe. Abin da ya fi ba ta mamaki harshen mutanen tsibirin ne. Ta ji suna cewa sabuni, ashe sabulu ne. Habari kuma labari. Ranar Alhamis kusan sunanta ɗaya. Ta kira Sagir tana ta zumuɗi: "Wallahi mutanen nan 'yan uwanmu ne! Ga kiran salla ko'ina, mata da lulluɓi, kamar ina Doka."

Aka tura ta hidima wani ƙauye a bakin teku, ita da ɗalibai biyu. Matan ƙauyen noma suke yi, amma a cikin ruwa. Wata ciyawa ce ta teku da suke ɗaurawa a jikin igiya tsakanin turaku. In ta girma su ciro, su shanya, 'yan kasuwa su saya. Aikin ɗaliban shi ne su auna wa matan hawan jini da sukari, su kuma duba yadda sana'ar za ta ƙara kawo musu amfani.

Suka kafa tebur a harabar makarantar firamare, suka jera kujeru, suka zauna. Daga safe har rana ta take, tsoho ɗaya ne ya zo, shi ma hanya yake tambaya. Mako na biyu ma haka. Hasiya ta gaji da zama, ta tashi ta nufi gidan shugabar ƙungiyar matan, wata dattijuwa mai ƙiba da yawan dariya da ake kira Bi Mwanaisha. Da ɗan Turanci da ɗan harshensu da nuni da hannu suka fahimci juna.

"Mama, me ya sa ba ku zuwa?"

Dattijuwar ta nuna teku. "In ruwa ya janye muna gona. In ya dawo muna girki. Yaushe za mu zauna a kujera? Ke ki zo wurinmu."

Washegari Hasiya ta bi su. Ruwan ya ja baya da nisa, ya bar farin yashi da ƙananan kududdufai. Ta tattare zaninta, ta sa ƙafa ɗaya, ta janye. Matan suka fashe da dariya. Bi Mwanaisha ta kamo hannunta kamar ƙaramar yarinya, suka shiga tare. Ruwan ɗumi ne, yana kai mata gwiwa. Wani ƙaramin kifi ya goge ta a ƙafa, ta kurma ihu ta kira sunan Inna Kulu, dariyar ta ƙara tashi. Amma ba ta fita ba. Ta zauna a cikin ruwan kamar yadda suke zama, aka koya mata ɗaurin ciyawar. Kafin ruwa ya juyo ta cika igiya guda ita kaɗai, ta ɗaga ta sama tana ihun murna, matan suna tafa mata.

A nan ta ga abin da ba a gani daga kan tebur. Ta ga ƙafafuwan da ƙayar teku ta sossoke, da idanun da hasken rana a kan ruwa ya jajanta, da yadda matan ke dafe ƙugu in za su miƙe. Daga ranar suka ɗauke teburin suka kai shi rumfar da ake shanya ciyawar. Mace ta sauke kayanta, ta huta, a ɗaura mata abin awo a hannu. Bi Mwanaisha ce ta fara miƙa hannu don sauran su ga ba abin tsoro ba ne. Hasiya ta duba awon, ta sake aunawa, dariyarta ta ɗauke.

"Mama, kina jin ciwon kai?"

"Kullum. Rana ce."

"Ba rana ba ce. Yau za mu je asibiti."

Dattijuwar ta so ta yi gardama, Hasiya ta riga ta ɗauko mata mayafi. Likitan da ya duba ta ya ce jininta ya hau sosai, ya ɗora ta a kan magani nan take. Bayan 'yan makonni ciwon kan ya tafi. Daga nan ba a ƙara roƙon kowa ba, da kansu matan suke yin layi, har da mazajensu masunta.

Ta ɓangaren sana'a kuwa, wasu daga cikin matan sun iya niƙa busasshiyar ciyawar su haɗa da man kwakwa su yi sabulu, amma kowa a gidanta take yi, ba ya kyan gani. Hasiya da abokan karatunta suka kawo shawarar a haɗu wuri guda mai tsabta, a yanka shi daidai, a naɗe da ganyen ayaba. Malamin ajinsu ya haɗa su da masu masaukin baƙi a bakin teku, waɗanda za su riƙa sayen sabulun. Ranar da aka zo da mota aka kwashe kashin farko, matan suka yi rawa a kan yashi, Hasiya ta koya musu guɗar Hausa. Sai dai ba kome ne ya tafi daidai ba. Takalman roba da suka so kowace mace ta riƙa sawa a ruwa, yawancinsu sun ce suna hana su sauri, suka ajiye.

Kewar gida takan taso mata, musamman da azumi ya kama, Ilham tana nuna mata kunun tsamiya ta waya. Ranar Salla ta ɗauko kukar Inna Kulu ta yi wa matan miya da tuwon masara. Suka ɗanɗana da tsoro, suka dubi juna, Bi Mwanaisha ta miƙo kwano a ƙara mata.

Shekara ta cika, Hasiya ta dawo Kaduna da takardar shaidarta. Ranar da ta iso gidan ya cika maƙil, 'yan uwa daga Doka, maƙwabta, abokan aiki. Ta yi duhu, ta ɗan rame, bakinta bai rufu ba. Ta rarraba tsarabar sabulu da kanumfari, ta ba da labarin gonar cikin teku har muryarta ta dishe.

Ta koma bakin tagarta a asibiti, amma ta nemi izinin shugabarta ta riƙa fita rana ɗaya a mako. Ta fara da Babbar Kasuwa, a layin masu kayan miya. Ta san matan nan ba za su bar rumfa su je layin asibiti ba, don haka ita ke bi rumfa-rumfa da jakarta. Wadda awonta ya hau, ta tura ta wurin likita, mako mai zuwa kuma ta dawo ta tambaye ta ko ta je. A Kinkinau ta tara mata masu ƙuli-ƙuli da man gyada, suka koma aiki wuri guda, suka samo kwalabe masu tsabta, wasu shaguna a Doka suka fara karɓar kayansu. Hayaƙin itace da ke sa su tari shi ne har yanzu take fama da shi, murhun da suka gwada na farko bai yi ba.

Kwanakin baya malamin nan nasu ya kira ta. Ya ce kwalejin tana so ta turo ɗalibai biyu mata su yi hidimarsu a Kaduna, ƙarƙashin kulawarta, in ta amince. Ba ta bari ya ƙarasa ba ta ce ta amince. Ta fito tsakar gida tana ƙwala wa mijinta kira.

"Baban Ilham! Baƙi za mu yi daga ƙasar waje! Ni zan koyar da su!"

Sagir ya ajiye butar alwala. "Masha Allah! To ina za su sauka?"

"Ɗakin da ka tara tsofaffin jaridu. Gobe za a share shi a yi fenti."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga ta juya tana kiran Ilham ta kawo tsintsiya.