Ni Na Sa Ya Ajiye Allurar Hanta

Lokacin da jihar Kebbi take sabuwa, ni matar mahauci ce a Jega, mace mai baki da son a yabe ta. Maigidana yana da teburin nama a kasuwa, kuma tsabtar hannunsa ce ke jawo masa masu saye. Da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, likita a Sakkwato ya ce ciwon hanta ne da ya daɗe a jikinsa, ya ɗora shi a kan allura da ƙwayoyi. Ya gargaɗe mu cewa maganin kan taɓa fata, in mun ga haka mu koma wurinsa, kada mu daina.

Haka kuwa aka yi. Ƙuraje suka feso masa a hannu da wuya, fatar ta bushe tana ɓarewa kamar ɓawon albasa, ga ƙaiƙayi ba dama. Wa zai sayi nama daga irin wannan hannu? Masu saye suka koma teburin maƙwabcinsa. A wani gidan suna a Maiyama na ji mata na raɗa, wata ta ce kuturta ce, wata ta ce ai cutar zamani ce. Na dawo gida ina huci, na ce masa maganin da ke kunyata mutum a idon jama'a ba magani ba ne. Ya ce mu koma wa likita tukuna, na ce ga mai maganin gargajiya nan kusa a Aliero. Na yi ta mita har ya ajiye allurar, don shi mutum ne da ba ya son hayaniya.

Fata ta washe, ciniki ya dawo, ni kuma ina ta baza labari cewa ni na warkar da shi. Ashe ciwon na can ciki yana cinsa. Da cikinsa ya kumbura muka koma Sakkwato, likitan ya ce da mun zo tun farko, da man shafawa da ɗan gyaran magani sun isa ƙurajen. Bai gaya mini baƙar magana ba, da ya gaya mini ma da na fi samun sauƙi.

Ba a daɗe ba ya rasu. Na san kwana ne ya ƙare, amma nadama ta ƙi sakina. 'Yan'uwa, in magani ya taɓa fatar majinyacinku, ku koma wa wanda ya rubuta shi, kada surutun mutane ya yanke muku shawara. Waɗanda suka yi wa maigidana wanka sun ce babu ko ƙurji ɗaya a jikinsa. Wai don su kwantar mini da hankali suka faɗa.