Saƙon Goggo zuwa Haɗeja

A shekarun da nake aiki a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya a Omdurman ta ƙasar Sudan, maigidana ya sayo miksa, na'urar haɗa sauti, ta dijital, ta hannu, a wurin wani da ya dawo daga Jidda. Mawaƙan biki da masu yabon Annabi su ne abokan cinikinmu. Abin da ya fi ba ni wuya a jikinta shi ne kwamfuresa. Za ka sa masa iyaka, duk muryar da ta haura sai ya danne ta, kai kuma ka ɗaga sautin gaba ɗaya, mai ihu da mai raɗa su zo kusan kai ɗaya. In ka matsa masa da yawa, har numfashin mutum da kukan fanka sai sun fito fili. Na sha tsine masa kafin hannuna ya faɗa.

Wata rana da hantsi Goggo, ƙanwar babana, ta yi sallama, ta taso tun daga unguwar Alhilla Kuku. Ta ji wani ɗalibi ɗan Haɗeja ya gama karatu zai koma gida, tana so ya kai wa Baffa saƙon murya. Baffa shi ne babban wansu, ya koma Najeriya tun suna tsinkar auduga a Jazira. Labarin da za ta ba shi ba mai daɗi ba ne. Shekarun baya an tare motar haya, aka kwashe samarin ciki zuwa aikin soja na dole, har da ɗanta na fari. Yaƙin kudu ya tsaya, abokan tafiyarsa sun dawo, shi shiru. Ta gaji da jira, tana so a tara malamai a can gida a yi masa addu'a.

Na ce, "Goggo, ai malamai za su nemi suna. Ko ni in faɗa miki a ƙarshe?"

Ta harare ni. "Ya waladi, kai yaro, wa ya sa bakinka? Kunna abinka."

Na kunna. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, kuma Goggo ta riƙe ta da gaske. Tun tasowata ban taɓa jin ta ce komai ba sai "babban yaron".

Da ta fara gaisuwa sai da na zabura. Ta ɗaga murya kamar Baffa yana can ƙarshen gona, fitilun miksa suka yi ja. Da ta zo kan maganar kuwa, muryar ta yi ƙasa har da ƙyar nake ji. Na sauke iyakar sosai, na ƙara ƙarfin dannawa, na ɗaga sauti, don kada tsoho ya ji gaisuwa ya rasa abin da aka aiko a gaya masa. Ta gama ba ta ambaci suna ba. Ta ce, "Halas," wato shi ke nan, ta sunkuya tana gyara mayafi, leɓenta yana ɗan motsi. Ni kuma ban kai ga tsayar da ɗauka ba.

Na maido mata daga farko. Komai ya fita tsaf. Bayan "halas" sai ƙarar mayafi, sai numfashi, sannan sunan ya fito daga lasifika sarai, sau ɗaya, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Kunya ta kama ni, da tsoro, kamar na faɗa mata ɗaki ba sallama. Abin da ta faɗa don kanta ne, ni na ja shi waje da hannuna.

Na kai hannu da sauri. "Yi haƙuri Goggo, yanzu zan yanke."

Ta riƙe min hannu. Ba ta dube ni ba, lasifikar take kallo.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce."

Ta saki hannuna. Sannan ta ce, "Ashe haka yake a bakina. Kada ka yanke. Maido min in ƙara ji."