Teburin Yankan Inna Tabarau

Inna Tabarau ake ce mata a kamfanin ɗinkin kayan makaranta, saboda gilashin da kullum ke maƙale a tsinin hancinta. Da ɗinka maɓalli ta fara. Bayan rasuwar mijinta da keken ɗinki ta raini 'ya'ya huɗu, har ta zama shugabar teburin yanka. Ga faɗa kamar me. Amma tana da wata ɗabi'a: duk sabon ma'aikacin da ya cika mako, sai ta tsayar da shi gaban kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ga ana yi ba daidai ba. Wai in ya wuce haka idonsa ya saba, ba zai ƙara ganin komai ba.

Ni kuwa ina watan gwaji, bayan na sha wuyar neman aiki wata takwas, kuma ita ce za ta ce a riƙe ni ko a sallame ni. Sauran sababbi sun samu na faɗa mai sauƙi, wannan fanka, wancan kujera mai girgiɗi. Nawa a teburinta yake. Kwalayen da ake ɗorawa kan yadi a fitar da hannun riga duk fuska ɗaya take jera su, yadi yana ta tafiya shara.

Ranar ta zo, ta kalle ni ta saman gilashi. "To, 'yata, me kika gani?"

Na ce, "Inna, a yi haƙuri. Da za a juya kwali ɗaya kai sama, ɗaya kai ƙasa..."

Ta miƙo mini alli. "Bar dogon bayani, zo ki zana."

Na zana. Ta yanka da kanta, sai ga hannun riga biyu sun ƙaru. Ta ɗaga su sama. "Shekara ashirin ina ciyar da kwandon shara, ku duka kuna kallona! Allah Ya shirye ku." Dariya ta ɓarke, ni ƙwalla ta cika mini ido.

Da manaja ya zo yana yaba mata sabon tsarin, ina daga bayan ƙofa, na ji ta katse shi.

"Ba ni ba ce, ranka ya daɗe. Sabuwar nan ce. In ka sallame ta, ka haɗa da ni."

Ba ta taɓa gaya mini ta faɗi haka ba. Har gobe ina yi mata addu'a.