Kofin Gahawar da Na Ajiye a Ƙasa

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara ɗaya da rabi a Riyad ba, na tafka wata wauta a gaban wani dattijon Balarabe. Na daɗe ina ba da labarinta ana dariya. Yau dai zan ba ku shi har da ɓangaren da nake tsallakewa.

Direba ne ni a wani sito da ke Sulay, inda ake tara dabino da kayan marmari ana rarraba wa shaguna. Mu biyu ne direbobin, ni da abokina, wani Badamagare da ya girme ni, wanda ya kusa shekara tara a wurin. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, ya matsa mini wuri a ɗakinsa, ya koya mini hanyoyin gari da yadda ake amsa wa ɗan sanda ba tare da murya ta yi rawa ba. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum sai dai Bakano. Kun san wasan Kanawa da Damagarawa, to mu har Saudiyya muka ɗauko shi.

A ƙarshen zafin wannan shekarar kafil ɗinmu, wato mai gidan da muke zaune a ƙasar da sunansa, ya sayar da mota ɗaya cikin biyun da muke tuƙawa. Bayan kwana biyu Basudanen da ke kula da siton ya ja mu bayan kwalaye ya gaya mana gaskiya. Igamarmu, katin zaman ƙasa, a wata ɗaya za ta ƙare, kuma ta mutum ɗaya kawai kafil zai sabunta. Ɗayan za a buga masa huruj niha'i, fita ba dawowa. Muka tambaye shi wa za a bari, ya ce wallahi bai sani ba.

Daga ranar nan ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Gonar gadona na sayar na zo ƙasar nan. Matata na gidan iyayenta da jaririn da ban taɓa ɗauka ba, tana jiran in rufa ɗakunan da na fara. Duk sanda na tuna zan sauka Kano da jaka ɗaya, in tsaya gaban surukina in yi masa bayani, sai in ji gumi yana bin bayana ko da na'urar sanyi tana aiki. Abokina kuwa 'ya'yansa biyar, ga tsohuwarsa a hannunsa, amma ko a jikinsa. Ko dai ya iya ɓoyewa ne, ni ban iya ba.

Abin haushi, a daidai lokacin ne garin ya fi daɗi. Wanda bai zauna Riyad ba ba zai gane me ake nufi da zafi ya karye ba. Wata biyar kana gudun rana daga inuwa zuwa inuwa, sai kawai wata safiya ka buɗe ƙofa iska ta taɓa ka a hankali. Mutane su fito da dardumai da fulas ɗin shayi, kowane lambu ya cika. A gida kaka ita ce sabon gero da dafaffiyar gyaɗa da rake. A nan kuwa kakar dabino ce da rumman. Sitonmu ya cika da ɗanyen dabino rawaya da suke kira barhi, ga rumman na Ɗa'if manya-manya. Abokina ya zauna kan kwali ya fasa rumman, ruwan yana gangarowa ta gemunsa, ya ce, "Ci mana, Bakano. Yunwa ba ta sabunta igama."

Ana saura mako uku katinmu ya ƙare, wata Alhamis kafil ya shigo sito ya ce gobe bayan Juma'a akwai kashta, kowa da kowa zai je. Kashta ita ce fitar da suke yi bakin gari in sanyi ya fara, a shimfiɗa a kan yashi, a hura wuta, a ci a sha. Sauran ma'aikata suka yi ta murna. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin tunda na zo bai taɓa gayyatarmu ko'ina ba. Na ce a raina walimar sallama ce, a can zai sanar. Har na tuna yadda ake ba ragon layya ruwa da safe.

Muka fita arewa da gari, inda gine-gine suke ƙarewa jan yashi ya fara. An kafa tanti, an shimfiɗa dardumai, ga wasu babura masu ƙafa huɗu da aka yi haya don hawan tudun yashi. Abokina ya haye ɗaya ya tafi a guje, hularsa ta tashi, ya dawo yana haki yana dariya.

"Saura kai, Bakano. Ko tsoro kake ji?"

Tsoro nake ji, amma ba na babur ba. Kafil na zaune a bakin tanti yana kallo. Lissafina shi ne in na yi gudu zai ce wannan direban ba shi da hankali, in na faɗi kuma shi ke nan na yanke wa kaina hukunci. Saboda haka na hau na riƙa tafiya a hankali, ina duba hagu da dama a cikin sahara inda babu ko akuya. Ashe yashi ba ya son lallaɓawa. Ina kaiwa tsakiyar tudu tayoyin suka nutse. Na ƙara wuta, suka watso mini yashi har cikin kunne. Sai da mutum uku suka zo suka turo ni. Kowa ya yi dariya, har kafil. Na dawo ina fassara dariyarsa a raina: ta tausayi ce, ko ta wanda ya gama yanke shawara?

Aka kawo dabino kala-kala a faranti. Na ɗauki barhi ɗaya don kada a ce ban ci ba. Gaskiya yana da daɗi, ƙaras-ƙaras a baki, ga sanyi ga zaƙi marar nauyi, akwai kuma wanda rabinsa ya nuna ya yi laushi. Na ci uku na ɗan manta da kaina. Sai na hango kafil yana magana da Basudane ƙasa-ƙasa, na mayar da na huɗun cikin faranti. A bayan tanti ana tuƙa jarish, wani faten alkama da suke yi in iska ta yi sanyi, ƙamshin albasarsa ya cika wurin, ni dai ina ta ƙirga sau nawa aka kalle ni.

Bayan la'asar wata mota ta tsaya, aka fito da mahaifin kafil, tsoho tukuf mai sanda, wanda ban taɓa gani ba. Kowa ya miƙe. Aka zaunar da shi a kan matashi, mu ma aka ce mu shigo tanti mu zauna. Kafil da kansa ya ɗauki butar gahawa, ya fara zuba wa mahaifinsa, sannan ya riƙa bin layi. Abokina na damana, ni ina biye da shi.

A nan tarbiyyar gida ta yi aikinta. A gidanmu ba a kai abu baki a gaban babba. Mahaifina ya koya mana in an miƙo maka abu ka karɓa da ladabi, ka ajiye, sai an ce maka bismillah sau biyu ko uku kafin ka taɓa. Ni kuma duk zamana a Riyad shayin kofin takarda na sani, a tsaye, a bakin mota. Ban taɓa zama a majalisar Larabawa ba. Da ɗan kofin ya iso hannuna sai na ga dama ta samu ta in nuna wa kafil cewa ni ɗan mutunci ne. Na karɓa, na sunkuyar da kai, na ajiye shi a kan darduma a gabana ban kurɓa ba.

Hira ta ɗauke. Kafil ya tsaya cak da buta a hannu, fuskarsa ta canza. Tsohon ya juyo gaba ɗaya yana kallona. Na duba rigata, na duba ƙafata ko na miƙe ta wajensa ne, ban ga komai ba. Tsohon ya yi magana a hankali, ni kuma Larabcina na lodi da sauke kaya ne, abin da na tsinta kawai shi ne "ya waladi", wato ɗana, da "gahawa".

Basudanen ya matso ya raɗa mini a kunne. "Ka san abin da ka yi? A wurinsu baƙon da ya ajiye kofi bai sha ba, buƙata ya zo da ita, kuma ba zai sha ba sai an biya masa. Cewa ya yi ka sha gahawarka, ka faɗi abin da kake so. Ya riga ya furta a gaban mutane, ba zai janye ba. Kada ka ce ba komai, raini ne."

Nan ne nake tsallakewa in ina ba da labarin. Nakan ce bakina ne ya suɓuce. Ba haka ba ne. Na fahimci abin da aka gaya mini sarai, kuma gwiwar abokina tana taɓa tawa, ina jin ɗuminta. Na san mota ɗaya ce, na san me maganata za ta jawo masa. Na tuna da shi, sannan na tuna da surukina.

Na kira shi baffa da Larabci na ce, "Igama, ya ammi. Igamata."

Tsohon ya dubi ɗansa ya yi masa tambaya. Kafil ya fara bayani yana nuna mu biyu da baki, tsohon ya ɗaga hannu ya katse shi. Ya juyo gare ni ya ce, "Abshir," wato an gama, ka kwantar da hankalinka. Na ɗauki kofin na shanye. Gahawar ta huce, ga ɗaci. Abokina ya bubbuga bayana ya ce da Hausa, "Bakano dai ba ya zuwa kasuwa ya dawo hannu biyu." Ya yi dariya, ni na kasa ɗaga ido. Aka kawo jarish da nama, ya ci ya ƙoshi, har yana tura mini tsoka gabana.

Washegari na sami kafil na roƙe shi ya bar mu mu biyu. Ya ce mota ɗaya ce, maganar mahaifinsa kuma ba ta tashi. Daga baya Basudanen ya gaya mini abin da na fi tsoron ji: tun farko abokina aka yi niyyar bari, saboda shi ya san kowane shago a garin. Bayan mako uku na raka shi filin jirgi. Ya bar mini bargonsa da tukunyar shinkafa, ya ce in kula da birkin motar don yana ja hagu. Ko da wasa bai taɓa tayar da maganar kofin ba.

Sai da na je hutu na biyu na iya tara ƙarfin hali na shiga mota daga Kano zuwa Damagaram. Na same shi yana tuƙa motar haya zuwa ƙauyuka, ya rame kaɗan, furfura ta fito masa. Muka ci tuwo a ƙofar gidansa. Da aka kwashe kwanuka na ce masa, "Yaya, wallahi ranar nan ban san al'adarsu ba."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba. Ni ne na sani."

Na ce, "Ka sani?"

"Shekara tara ina cikinsu, a ce ban san wannan ba? Tun a mota na ƙudura zan ajiye nawa in tsohon ya zo. Kuma kofina ya riga naka zuwa. Na waiwaya na gan ka kana ta zare ido, yashi har a gira. Na ce wannan yaron in ya koma yanzu, ina zai sa kansa? Sai na shanye, na bar wa Allah zaɓi." Ya ɗauki tsinke yana sakace. "Ina zan san Bakano zai yi mini fashi da ladabi?"

Ya yi ta dariya har yana tari. Ni kuwa ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a gaban 'ya'yansa.

Ajiye kofin ba laifina ba ne, rashin sani ne da tarbiyyar gida. Amma abin da na faɗa bayan an fassara mini, da sanina na faɗe shi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce da za a mayar da ni tantin nan na tabbata zan faɗi wani abu dabam ba. Tsoro ya nuna mini iyakata a ranar, na kuma ga inda wani ya wuce ni nesa ba kusa ba. Tun daga nan na rage saurin yanke wa mutane hukunci in na ga sun zaɓi kansu, na kuma daina ɗaukar cewa wanda yake dariya ba shi da abin da ke cin sa.

Na rufa ɗakunan, yarona yana makaranta, har yanzu ina tuƙi a Riyad. Abokina ya ce ya yafe, ya ma ce babu abin yafewa, kuma na yarda da shi. Amma duk shekara, ranar da saƙo ya shigo wayata cewa an sabunta mini igama, shi nake fara kira. In ya ɗauka sai in rasa abin da zan ce masa, in tambaye shi ya yara.